Me ya sa Hera ke ƙyale Zeyus tana huce haushinta kan mata?

Maman Ilham, Anguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata mai karatun adabi ta bar min littafin tatsuniyoyin Girkawan dā, kuma abu ɗaya ya tsaya min a rai. Zeyus, wanda suka ɗauka sarkin allolinsu, shi ne mai cin amanar aure, amma matarsa Hera ba ta taɓa shi, sai matan da ya nema. Iyo ta koma saniya, Hera ta sa Argus mai ido ɗari gadinta, da aka kashe shi ta turo mata bobuwa tana cizonta har Masar. Semele kuwa, Hera ta zo mata a siffar tsohuwa, ta zuga ta ta roƙi Zeyus ya bayyana mata da ainihin kamanninsa. Tsawa ta ƙone ta, ga ciki. Wallahi wannan ya yi min zafi. Me ya hana fushin sauka kan mai laifin?

Abu Hanif, Kubwa, Abuja:
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, amma fa ta taɓa gwadawa. Ta haɗa baki da wasu allolin nasu, Posaidon da Atina, don su ɗaure Zeyus, sai Tetis, wata allahiyar teku a tatsuniyar, ta kirawo Biriyariyus mai hannu ɗari ya tsaya masa, shirin ya watse. Wani karon kuma Zeyus ya rataye ta a sararin sama, ya ɗaura mata uwar maƙera biyu a ƙafafu. Ta san ya fi ƙarfinta.

Malam na Bauchi Road:
Hajiya, a karanta a matsayin tatsuniya kawai, Allah Ya tsare mana imaninmu. Ko a cikin Girkawan akwai waɗanda abin ya dama. Zenofanis, wani masanin falsafarsu, tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya soki mawaƙansu saboda sun jingina wa alloli sata da zina da yaudara.

Inna Rabi, Rikkos:
'Yata, ni ban yarda tsoro ne kaɗai ba. A wurinsu Hera ce mai riƙe da sha'anin aure, don haka duk ɗan da aka haifa a waje barazana ne ga matsayinta. Shi ya sa ta fi bin 'ya'yan. Ta hana Leto, mai ɗauke da cikin Zeyus, wurin haihuwa sai da ta samu tsibirin Delos ta haifi Afolo da Artemis. Herakilis, ɗan da wata mata ta haifa wa Zeyus, yana jariri ta tura masa macizai biyu, da ya girma ta jefa masa hauka ya kashe 'ya'yansa da hannunsa. Nan ne na daina tausaya mata. Me jariri ya yi?

Maman Ilham:
Na gode Inna, na gode Malam. To wannan haukar ce ta jawo masa wahalhalun nan 12 da aka ɗora masa?

Abu Hanif:
Ita ce. Kaffarar kisan ce, ya yi ta da ayyuka 12 masu wuya a ƙarƙashin sarki Yuristiyus.