Ƙwan fitila na CFL mai rage haske: me ke sa shi ƙiftawa da saurin mutuwa?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙwan CFL (irin mai lanƙwasasshen bututun gilashi, mara cin wuta sosai) mai wat 15, a kwalinsa an rubuta ana iya rage haskensa, amma da an murɗa makunnin ƙasa sai ya kama ƙiftawa da ƙara, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Laifin ƙwan ne ko na makunnin?

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam, fara duba makunnin. Tsofaffin makunnan rage haske don ƙwai mai zare aka yi su, kuma da yawansu sai an ɗora musu kamar wat 40 kafin su tsaya daidai. Wat 15 bai kai ba, shi ya sa wutar ke yankewa tana dawowa. Nemi makunnin da aka rubuta CFL a jikinsa, irin mai ɗan abin murɗawa da ake saita iyakar ƙasa da shi. Kuma kada ka haɗa ƙwai na kamfani daban-daban a makunni ɗaya.

Injiniya:
Haka ne, sai dai shi ma ƙwan yana da iyaka. Yawancinsu ba sa sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Akwai siraran zare a bakin bututun guda biyu da ke buƙatar zafi. Idan aka rage wuta sosai suka huce, abin da aka shafa musu ya riƙa zubewa, ka ga bakin gilashin ya yi baƙi. Ƙwan da ya yi haka ya kusa mutuwa. Don haka kunna shi a cikakken haske, ba shi minti ɗaya ko biyu ya ɗumama, sannan ka rage. Launinsa ma ba ya komawa ja-ja kamar na mai zare, dusashewa kawai yake yi.

Awa 8,000 ko 10,000 da ke kwali kuwa, an auna ne da kunnawar awa 3 a jere. Yawan kunna-kashe na cinye ta. Zafi ma haka: a rufaffen gidan fitila, kan ƙwan na kallon ƙasa, kafasitar da ke gindinsa (ɗan abin da ke riƙe caji) ce ke fara bushewa.

Mai Wayarin:
Ƙarin bayani, Injiniya: CFL ɗin da ba a rubuta masa rage haske ba, kada a sa shi a irin wannan makunni ko da an ƙure shi sama, don gindin na iya ƙonewa. In ya fashe kuma akwai zaiba a ciki. A buɗe taga minti 15, a kwashe da kwali, banda injin zuƙar shara.