Abin da muka tsayar kan ambaliyar hunturu a gaɓar teku

Bayan la'asar a majalisarmu ta Marwa, hira ta karkata kan yaranmu masu ci-rani a garuruwan gaɓar Bahar Rum, Libiya da Aljeriya. Can ruwan sama ya fi sauka da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da mu ƙura ce ke damunmu. Shi ya sa baƙo ke sakin jiki.

Dattijon cikinmu ya daɗe a kan magana ɗaya: kada a kama haya a bakin busasshen kwari. Ya ce ku dubi Mayo Kaliao, kogin da ya ratsa Marwa, yashi ne zalla, amma in an yi ruwa a kan duwatsun Mandara sai ya cika nan take, ko ɗigo bai sauka a gari ba. Aka tuna birnin Derna na Libiya, inda madatsun ruwa biyu suka ɓalle a Satumban 2023, dubban mutane suka rasu, galibi cikin dare.

Sauran shawarwarin gajeru ne. Takardu cikin leda, waya da caji, a kashe wutar gida in ruwa ya shigo, a hau bene. Masu babur kuma, su na fi ji wa tsoro, kada su gwada tsallake ruwa mai gudu ko iya gwiwa ne.