Labarin mako: girki, kallo da karatun dare

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da ƙarshen mako. Yau layi ya zo kaina, to ga labarin gidanmu. Kowa lafiya, alhamdu lillahi. Hanif ya fara haɗa baƙi, duk rubutun da ya gani a jikin kwali ko gwangwani sai ya tsaya ya karanta shi da ƙarfi. Ƙanwarsa haƙori take fitarwa, akwai 'yar rigima da dare amma da sauƙi. Babansu aiki ya sha masa kai, sai dare yake shigowa.

Wajen girki, na dafa wake da yawa ranar hutu, na rarraba a ƙananan robobi na sa a firiza, kuma ya rage mini aiki sosai. Kallo kuwa, wani shiri muka samu na halittun cikin teku, har babansu ya zauna aka kalla da shi. Littafin da nake karantawa tarihin rayuwar wata likita ne, yana da daɗi, sai dai a hankali nake tafiya.

Ga inda nake neman shawara. Yammata ce take kuɓuce mini. Ina kicin Hanif yana riƙe da wayata, kafin a ci abinci a kwashe kwanuka dare ya yi, karatun da nake son yi masa sai ya bi ruwa. Ya kuke yi?

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ma sha Allah Hanif an girma! Maman Hanif, dabarar waken nan ki faɗaɗa ta. Ni miya nake yi wa haka. In soya tumatir da albasa da tattasai tukunya guda, in raba gida-gida. Ranar da na so kifi in zuba kifi, ranar ƙwai in fasa ƙwai, ranar kabeji da karas in yanka in zuba. Minti ashirin abinci ya sauka. Idan abincin dare ya sauka da wuri, rabin matsalarki ta tafi.

Zee Amarya:
Anti Ummu, shinkafa fa? Ita ma zan iya dafa ta kwana uku in ajiye?

Anti Balaraba:
Zee, tsaya kafin ki ɗora tukunya. Shinkafa daban take da wake da miya. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da take zama a jikin ɗanyar shinkafa, kuma dahuwa ba ta kashe irinta. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye tana hucewa a hankali, sai ƙwayar ta farfaɗo ta yi yawa ta saki guba. Gubar nan ɗumame ba ya karya ta, shi ya sa za ki ga mutum ya ɗumama abinci ya yi zafi ƙwarai amma ya kwana yana amai. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar a huce shinkafa cikin awa 1 a sa a firiji, a ci ta cikin kwana 1, kuma kada a ɗumama fiye da sau ɗaya. Idan kina son ta daɗe, ki baza ta a faranti mai faɗi ta huce da sauri, ki ƙulla daidai cin mutum ɗaya, ki kai firiza.

Sauran abinci kuma, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya mai sauƙin riƙewa ce: kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, mai sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, mai zafi sama da digiri 60. Wadda ba ta da firiji, ko wutarta ba ta tsayawa, gara ta dafa daidai ci. Abin da za ta iya yi tun da rana shi ne tsince wake, jiƙa shi, yanka albasa, wanke ganye. Wannan ma ba ƙaramin rage aiki ba ne.

Zee Amarya:
Na gode Anti, wallahi ban taɓa jin wannan ba.

Maman 'Yan Biyu:
Tawa matsalar ba girkin ba ce, cin ne. Hassana ko ɗigon kore ta gani a faranti sai ta ture.

Malama Rabi:
Maman 'Yan Biyu, kada ki yi faɗa kuma kada ki daina sawa. Ki riƙa ɗora ɗan kaɗan a gefen farantinta, ke kuma ki ci naki tana gani. Yaro sau da yawa sai ya ga abu a gabansa sau goma ko fiye kafin ya yarda ya kai baki. Ki kuma ba ta aiki a kicin, ko wanke karas ne. Abin da hannunta ya taɓa ta fi saurin ɗanɗanawa.

Anti Balaraba:
Tunda an zo nan bari in ƙara biyu. Masu ba yara shayi tare da wake ko ganye, a raba su. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin abincin, wanda shi ne ke gina jini. Lemun zaƙi ko matsin lemun tsami kuwa taimaka masa yake yi, saboda bitamin C. Na biyu gishiri: abin da aka ƙayyade wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da dunƙulen ɗanɗano. Na yara bai kai haka ba. Maman Hanif, ke mai jaririya, ban da zuma har sai ta cika shekara.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, ku dawo kan tambayar yarinyar nan. Waya ce matsalarta. Ni ra'ayina a ɗauke ta gaba ɗaya. Yaro ɗan shekara biyar me ya haɗa shi da waya? Zai yi kuka kwana biyu ya haƙura.

Maman Hanif:
Hajiya, da zan iya da na yi. Amma ni kaɗai ce a gidan a lokacin, ga wuta a kunne ga jaririya a baya. Wayar ce ke zaunar min da shi waje ɗaya.

Ummu Sadiq:
Hajiya a yi mini afuwa, a nan ban bi ki ba. Uwar da take ita kaɗai tana bukatar rabin awar nan. Abin da za a gyara shi ne yadda ake kallon. Maman Hanif, ki mayar da shi talabijin ko kwamfuta inda kina jin abin da yake kallo daga kicin, ki zaɓa masa shiri ɗaya mai farko da ƙarshe, ki kashe maɓallin da ke sa wani bidiyo ya biyo baya da kansa. Gajerun bidiyon da ake ja da yatsa su ne masifar, don ba su da ƙarshe, yaro bai san inda zai tsaya ba. Idan dole sai waya, YouTube Kids yana da agogon da ke rufe manhajar idan lokaci ya cika. Akwai kuma Family Link na Google, za ki sa iyakar awa a yini da lokacin da waya za ta kulle da dare. Amfaninsa shi ne rigimar ta tashi daga kanki, lokaci ne ya cika, ba Mama ce ta ƙwace ba.

Anti Balaraba:
Kowaccenku da gaskiyarta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Jariri da ɗan shekara ɗaya, ba a so su zauna kallo sam. Daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi. To ƙanwar Hanif tana cikin waɗanda maganar Hajiya ta hau kansu kai tsaye, kada a zaunar da ita gaban allo don ta yi shiru. A takardar dai aka ce idan yaro zai zauna, a karanta masa littafi ko a ba shi labari. Barci kuma, ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar awa 10 zuwa 13 har da na rana. Ku lissafa daga lokacin da yake tashi don makaranta ku koma baya, za ku ga lokacin da ya kamata a kashe fitila.

Hajiya Babba:
To na ji. Amma ranar da babansu yake gida a kashe komai a zauna a yi hira, ko a buga ludo. Kuma a lokacin cin abinci har manya su ajiye waya.

Malama Rabi:
Wannan na sa hannu, Hajiya. Maman Hanif, bari in zauna a kan karatun, don nan ne zuciyata take. Shekarun da na yi ina koyar da ƙananan aji, tun makon farko nake gane yaron da ake karanta wa littafi a gida. Ba wai ya fi sauran ƙwaƙwalwa ba ne. Kalmomi ne suka fi yawa a bakinsa, ya san ana buɗe littafi daga ina, ya san labari yana da abin da ke biyo baya, yana iya zama ya saurara.

Kada ki jira sai kin gama aikin gida duka, ranar ba za ta zo ba. Kwanukan su jira. Ana gama cin abinci a wanke baki, ki zauna da shi minti goma, jaririyar tana cinyarki tana ji ita ma. Tunda ya fara haɗa baƙi, za ki ji kwaɗayin mayar da lokacin darasi, kina cewa karanta nan, maimaita can. Ki daure. Ke za ki karanta, yatsanki yana bin layi, shi kuma ki bar masa kalma ɗaya ko biyu da kika san zai iya. Ki tsaya a tsakiya ki tambaye shi, me kake gani zai faru? Me ya sa yarinyar take kuka? Idan ya ce a maimaita littafin jiya, ki maimaita, ko sau nawa ne. A maimaicin nan yake kama kalmomin.

Kuma ki yi masa da harshen da kuke magana a gida. Yaron da ya ƙware a fahimtar labari da harshen uwa, ƙwarewar tana bin sa zuwa duk harshen da zai koya a makaranta. Idan littafin na wani harshe ne, ki duba hoton ki ba da labarin da bakinki.

Maman 'Yan Biyu:
Malama, littattafan yaran ne samunsu ke wuya. Namu uku ne, har sun haddace.

Malama Rabi:
Akwai na kyauta a intanet. Ki nemi African Storybook, wata ƙungiya ce mai suna Saide a Afirka ta Kudu ta kafa shi, labarai ne masu hotuna cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa. Sai StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, wanda aka buɗe a 2015, shi ma akwai Hausa a ciki. Duka biyun sun kasa littattafan mataki-mataki, daga mai jimla ɗaya a shafi zuwa mai dogon labari. Ana iya saukewa a karanta ba data. Ni na fi son a buga a takarda a ɗinke, yaro ya riƙe da hannunsa ya juya shafi, kuma waya ba ta shigo ɗakin barci ba. Ki fara karantawa ke kaɗai tukuna, don wata fassarar ta fi wata kyau.

Zee Amarya:
Mu da ba mu da yara tukuna fa? Ina son karatu amma da na ɗauki littafi sai in tsinci kaina a Facebook.

Ummu Sadiq:
Zee, ki sa wayar caji a wani ɗaki, littafin ki ajiye shi a kan matashi. Ki ce shafi biyar kawai za ki yi. Kuma littafin da kika kai shafi hamsin bai kama ki ba, ki ajiye ki ɗauki wani, ba bashi kika ci ba. Maman Hanif, idan kin gama na likitar nan ina layi.

Maman Hanif:
In sha Allah Anti Ummu. Na ɗauki miyar da ake rabawa, da shiri ɗaya a talabijin, da barin kwanuka sai an yi karatu. Malama, zan sa babansu ya bugo mana guda biyu gobe. Nawa karatun ne dai ban ga inda zan saka shi ba.

Malama Rabi:
Ki gwada na saurare yayin da kike wanke-wanke ko ninke kaya. LibriVox kyauta ne, masu sa kai ne suke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, tun 2005 suke yi. Na karantawa da ido kuma akwai Project Gutenberg, littattafai sama da 70,000. Yawancinsu na Turanci ne kuma tsofaffi, sai mai haƙuri da tsohon salo. Muryoyin masu karatun ma sun bambanta, ki saurari minti biyu kafin ki sauke duka.

Anti Balaraba:
Idan za ki sa abin kunne, ki sa ɗaya ki bar ɗayan kunnen saboda jaririya da tukunya. Ƙarar kuma kada ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar.