Sau uku aka ja mini kunne na ƙi ji, ruwa ya cinye gonata: horo ne?

Mai neman shawara:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Shugaban zaure, don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan majami'armu a nan.

Ni manomi ne a ƙasar Numan, inda kogin Gongola ke haɗuwa da kogin Binuwai. Ina da mata da yara huɗu. Tun tasowata noma biyu nake yi, masara da dawa a tudu, 'yar shinkafa a fadama. A wannan damina ta 2022 na ga shinkafa tana kuɗi, sai zuciya ta ce mini bana a yi ta ta ƙare. Na sayar da shanun huɗata biyu, na ci bashi a wata ƙungiyar manoma, na kama hayar fadama hekta huɗu, na zuba irin shinkafa Faro 44. Gonar tudu ko shara ban yi mata ba.

Sau uku aka ja mini kunne. Wan babana ya kira ni ya ce tun ruwan 2012 bai ƙara zuba dukan ƙarfinsa a bakin kogi ba, in bar ko da rabi a tudu. Na ce Baba, zamani ya canja. Matata ta tashe ni wata asuba a watan Mayu, ta ce ta yi mafarki ruwa ya shigo har tsakar gida, tukwanenta suna yawo tana bin su. Ta roƙe ni kada in sayar da shanun. Na yi mata dariya, na ce wadda ba ta san bambancin takin yuriya da na NPK ba ce za ta koya mini noma? A rediyo ma tun farkon damina ake cewa mazauna bakin Binuwai su yi hattara. Na ce kowace shekara haka suke faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai, duk wannan taurin kai na raɗa masa suna bangaskiya. Har a taron addu'ar Laraba na miƙe na ce bana Ubangiji zai ɗaga ni, matsorata su zuba ido.

A Satumba aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ga sama ma ba ta ɗauke ba. Shinkafa ta fara fitar da kai ke nan. Bayan kwana uku a kwalekwale na je gonata, na kasa gane inda iyakata take.

Yanzu ga bashi za a biya a Disamba, rumbu babu ko mudu ɗaya. Matata ta koma suyar ƙosai a bakin hanya, da shi muke ci. Ko sau ɗaya ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba. Da ma ta faɗa, da na ji sauƙi. Sati biyar ke nan ban taka majami'a ba, domin zuwana na ƙarshe wani ya ce a bayana, "wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." In na durƙusa, bakina ba ya buɗuwa. Da wane ido zan roƙi Wanda ya yi mini magana sau uku na yi kunnen ƙashi? Ku faɗa mini gaskiya, horo ne wannan? Allah ya juya mini baya ke nan? Ta ina zan fara?

'Yar'uwa daga Jalingo:

Wayyo, sannu ɗan'uwa. Ubangiji ya mayar da alheri. Muna sa ku cikin addu'a.

Matashi daga Kaduna:

Yaya, tun da gaskiya ka nema, horo ne. Mutanen zamanin Nuhu suna ta ci da sha har ranar da ya shiga jirgi. Matar Lutu an ce kada ta waiwaya, ta waiwaya. Allah ba abokin wasa ba ne. Ka binciki kanka, ƙila akwai zakkar da ka danne. Ka yi azumin kwana bakwai, ka nemi wani bawan Allah mai shafewa ka shuka iri a hannunsa, wato ka ba shi kuɗi, za ka ga ƙofa ta buɗe.

Mama daga Michika:

Ɗana na Kaduna, mutumin da kuɗin ƙosai ke ciyar da shi kake cewa ya kai wa wani iri? Irin da ya shuka ai yana ƙarƙashin ruwa. Ka ji tsoron Allah.

Kai kuma mai tambaya, saurare ni. A 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo Michika, da zanen jikina kawai na fita. Mun kwana a kan duwatsu kafin mu kai Yola. Zakkata ba ta taɓa fashi ba, lokacin ma ni ce shugabar zumuntar mata a majami'armu. Da muka koma, toka na tarar a inda ɗakina yake. To laifin wa? Ruwan bana gwamnati ta ce ya kashe fiye da mutum 600 a ƙasar nan, ya raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Duk su ma mafarkin matansu suka raina? A Luka 13 Yesu ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ruwan da ya ci gonarka ya ci ta maƙwabcinka mai azumi.

Baba Fasto mai ritaya, Gombe:

Ɗana, Mama ta faɗi gaskiya, amma ba zan lallashe ka da rabin magana ba. Ambaliyar ba don kai aka aiko ta ba. Rumbun da babu komai kuwa, akwai hannunka a ciki. Wanda ya noma masara a tudu shi ma ya yi asarar shinkafa, amma yau yana cin tuwo. Ka riƙe waɗannan biyun daban daban.

Yau da dare ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Ana kai Bulus Roma a ɗaure. Jirginsu ya tsaya a wata mashiga ta tsibirin Karita, lokacin tafiya a teku ya riga ya ƙure. Bulus ya ce in aka ci gaba za a yi asara. Ka lura, a nan ba mala'ika ne ya faɗa masa ba, mala'ikan daga baya ya zo. Mutum ne da jirgi ya riga ya fashe da shi sau uku, kamar yadda ya rubuta wa Korantiyawa, ya san teku yadda wan babanka ya san Binuwai. Amma jarumin soja ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin, yawancin mutane ma suka ce a tafi. Sai wata iska mai laushi ta taso daga kudu, suka ce ai mun dace. Farashin shinkafa shi ne iskar kudun taka.

Dare goma sha huɗu hadari yana wasa da su. Abin da nake so ka gani shi ne bakin Bulus. Sau ɗaya tak ya ce da kun ji maganata, bai sauke numfashi ba ya ce ku yi ƙarfin hali, ba ran da zai salwanta sai dai jirgin. Allah bai tsayar da hadarin ba. Bai ceci jirgin ba. Alkamar da suka ɗauko, da hannunsu suka zuba ta a teku. Amma mutum 276, har da mai jirgin da ya ƙi ji, har da sojan da ya goyi bayansa, duk suka taka tudu a Malita, wasu da iyo, wasu a kan katakai. Kafin nan ma sai da Bulus ya ɗauki gurasa ya yi godiya, ya matsa musu su ci abinci. Kai yanzu a kan katako kake. Ka ƙirga yaran nan huɗu, sun cika? Kogin nan bana ya ci mutane, ba shinkafa kaɗai ba.

Batun bangaskiya kuma. Shaiɗan ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, har da janyo masa ayar Zabura. Yesu ya ce ba a gwada Ubangiji. Abin da ka yi kwaɗayi ne ya ari rigar Lahadi. Ka kira shi da sunansa a gaban Allah, 1 Yahaya 1:9 ta faɗi abin da zai biyo baya. Ko horo ne ko ba horo ba, ni ban zauna a majalisar Allah ba, abokan Ayuba da suka yi kamar sun zauna sun sha faɗa. In ma horon ne, Ibraniyawa 12 ta ce ɗa ake yi wa. Yaron da aka sallama, ba mai yi masa faɗa.

Tun da bakinka ya ƙi buɗuwa, ka ari na Dawuda. Zabura 69 ta fara da ruwa ya kai masa wuya, a aya ta 5 ya ce Allah ya san wautarsa. Ka karanta da ƙarfi, ko kana kuka.

Malamar makaranta, Jos:

Na gode Baba. Ni tsorona kada mu tashi daga nan kowa ya mayar da mafarkinsa annabci. Gaskiya ne a Ayuba 33 Elihu ya ce Allah yakan yi gargaɗi cikin mafarki, matar Bilatus ma ta aika wa mijinta kan mafarki. Amma Mai Hadishi 5 ya ce yawan damuwa yakan kawo mafarki, Irmiya 23 kuma cike take da masu cewa "na yi mafarki" alhali ba a aike su ba. Macen da ta ga ruwan 2012 da idonta, ga miji zai sayar da shanu, me za ta yi mafarki in ba ruwa ba? Ko babu mafarkin, gargaɗin yana rubuce tun tuni. Mai Hadishi 11:2 ya ce a raba bakwai ko takwas, domin ba a san masifar da za ta auko wa ƙasa ba. Abin da wan babanka ya faɗa ke nan. Sai dai aya ta 4 ta ce mai zaman duban iska ba zai yi shuka ba, saboda haka kada ka ce kai da fadama har abada.

Uwar zumunta, Yola:

Duk kun hau sama, ni bari in sauko tsakar gida. Ƙanena, ka ba matarka haƙuri? Ban ga ka rubuta ba. Mu mata mun san irin wannan shirun. Ba shanun ne suka fi mata ciwo ba, maganar yuriya da NPK ɗin nan ce. Ka same ta bayan yara sun kwanta, ka ce na raina ki, na yi kuskure, ki yafe mini. Kada ka haɗa da "amma". Gobe da asuba kai za ka kai mata niƙan wake, kai za ka faskara ice. Allah da ka ce ya juya maka baya, ta hannun wa kake cin abinci yau?

Sannan ka je ka durƙusa wa wan babanka. Majami'a kuma, a inda ka miƙe ka cika baki, a nan za ka miƙe ka ce na yi kuskure. Minti biyu ne, masu gulma su rasa abin taunawa.

Malamin gona, Demsa:

Kada ka jira Disamba ta same ka a ɓoye. Ka ɗauki dattijo ɗaya na majami'a ku je wurin shugabannin ƙungiyar tun yanzu, ka ce ban musanta bashi ba, a raba mini shi. Ba kai kaɗai ruwa ya ci a cikinsu ba. Ka tambaya ko an sa wa bashin inshorar noma, wasu ba sa sanin an cire musu kuɗinta. Ka tabbata sunanka ya shiga rajistar waɗanda ambaliya ta shafa, amma kada ka ɗora tukunya a kanta.

In hayar fadamar ta shekara ce, har yanzu taka ce, ruwa kuma ya bar maka laka mai taki. Da ya ja, ka kama rabin hekta kawai. Alayyafo cikin wata ɗaya ka fara yanka, kuɓewa ta biyo baya, masara ka sayar da ita ɗanya. Shinkafar rani ka bari sanyi ya sassauta, sanyin hunturu yana tsugunar da ita. Sauran filin ka ba wani ku raba. Sabon bashi kuwa, ko an kawo maka har gida ka ce a'a. Gwauruwar nan ta 2 Sarakuna 4 da mai bin bashi zai kwashe 'ya'yanta, abin da Elisha ya tambaye ta shi ne me kike da shi a gida.

Matashi daga Kaduna:

Mama ki yi haƙuri, na janye maganar iri. Azumin dai ban janye ba.

Mama daga Michika:

Azumi ya yi, ɗana. Kai ka yi masa, shi ya daɗe yana yi ba da niyya ba.

Mai neman shawara:

Na gode 'yan'uwa, na karanta duka, na Baba Fasto sau uku. Shekaranjiya da dare na yi wa maman yara magana yadda Yaya ta Yola ta ce. Ban kai ƙarshe ba muryata ta karye. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sai ta tashi ta ɗauko ragowar ƙosai da kunu, ta ce ka ci tukuna, tun safe ban ga ka sa komai a baki ba. Da na ci, ta ce ta yafe, amma nan gaba ko akuya zan sayar sai da saninta.

Wan babana ya ce in aiko yara su ɗauki buhun dawa ɗaya, in mayar bayan girbi. Wurin ƙungiya sai ranar Litinin, dattijonmu ya yarda zai raka ni. Majami'a kam ban iya miƙewa ba jiya, a benci na ƙarshe na zauna, na fita kafin a sallama. Ku ci gaba da yi mini addu'a kan wannan.

Malam na Demsa, ruwa ya fara ja a gefen gabas na gonar. Ƙasar tana nutsa ƙafa har idon sawu, in jira ko in fara yin kunya? Kuma in akwai mai injin ban ruwa na haya tsakanin Numan da Demsa, ya bar saƙo wurin shugaban zaure.