Zan fara aikin sa-kai a gandun namun daji, me zan tarar a can?

'Yar Kurciya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina shekarar ƙarshe a karatun ilimin halittu, kuma na samu gurbin aikin sa-kai na wata uku a wani gandun namun daji mai sashen kula da dabbobin da aka ceto. Takardar da suka turo min ta ce in zo da dogon takalmin roba, da tufafin da ban damu su lalace ba, da shaidar allurar rigakafi. Ko dabba ɗaya ba ta ambata ba, abin har ya ɗan sanyaya min gwiwa. Can kuma ƙawata ta nuna min wani wuri a intanet inda mutum zai biya kuɗi ya yi mako biyu yana ba 'ya'yan zaki madara a kwalba, ga hotuna gwanin sha'awa. Don Allah waɗanda suka taɓa yi, wanne ya fi? Kuma mene ne ainihin aikin?

Tsohon Mai Shebur:

Wa alaikumus salam 'yata. Takardar nan da ta sanyaya miki gwiwa, ni ita ta kwantar min da hankali. Shekara 11 na yi ina wannan aiki kafin baya ya ce ya gaji.

Ranar da na fara, kura nake ɗokin gani. Sai aka miƙa min shebur da baro. Mako uku ina kwasar kashi, ina wanke kwamin ruwa, ina yanka ganye ina aunawa, ban kusanci ko barewa ba. Na yi fushi sosai, na ɗauka raina ni aka yi. Daga baya na gane kashin nan shi ne littafin farko da ake koya wa mutum karantawa. Dabbar da ake farauta a daji, irin su barewa da gwanki, ba ta nuna ciwo, domin wadda ta nuna rauni ita zaki ke fara bi. Kafin ki ga ta kwanta, ciwon ya ci jikinta. Amma kashinta zai canja tun da wuri, za ta rage ci, za ta ware daga garke. Mai shara ne ke fara lura, ba likita ba. Don haka ki riƙe ƙaramin littafi a aljihu: nawa aka ba ta, nawa ta bari, yaya ta tsaya, da wa ta yi faɗa. In akwai giwa a wurin kuwa, Allah ya ba ki ƙarfin hannu, babbar giwa tana iya cin kilo 150 a yini, kuma abin da ya shiga sai ya fito.

Sai ƙofa. Ki kulle, ki ja kwaɗon da hannunki, ki ƙirga dabbobin da idonki kafin ki shiga kowane shinge, ko da wani ya ce miki ya riga ya duba. Ni na taɓa yarda da "na rufe" na abokin aiki, na tsinci kaina da gwaggon biri a ɗaki ɗaya. Tabon yana nan a damtsena.

Batun 'ya'yan zaki kuma, tambaya ɗaya za ki yi musu: ina uwayensu? Zakanya a daji takan yi kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Wurin da kullum ba ya rasa jarirai, raba su ake yi da uwa tun suna 'yan kwanaki domin ta sake ɗaukar ciki da wuri. Zakin da ya tashi a cinyar mutum ba ya komawa daji, ba ya tsoron mutum, bai kuma iya farauta ba. In ya girma ya wuce ɗaukar hoto, da yawa sukan ƙare a hannun masu biyan kuɗi su harbe su cikin shinge, ko a sayar da ƙasusuwansu. A Afirka ta Kudu harkar ta yi girman da zakunan keji suka fi na daji yawa, har a 2021 gwamnatin ƙasar ta bayyana niyyar kawo ƙarshenta.

Masu aikin gaskiya wahala suke sha don kada dabba ta saba da su. A 1987 aka kama duk sauran manyan ungulayen Kalifoniya da suka rage, 27 kacal a duniya, aka shiga kiwonsu. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe, da safar hannu mai siffar kan uwar ake ciyar da su, mutum na ɓoye, don kada su buɗe ido su ɗauka ɗan Adam ne danginsu. A 1992 aka fara sakin su.

Likitar Dawa:

Baba Mai Shebur ya gama magana, ni allurar kawai zan ƙara a kai. Ƙanwata, kada ki yi wasa da ita. Ki yi ta tetanus, ki yi ta ciwon haukan kare tun kafin ki tafi, domin shi in alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Ko kin yi rigakafin, in dabba ta cije ki ko ta yakushe ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ki sanar nan take, akwai ƙarin allura. Kada kunya ta sa ki ɓoye.

Kuma cutar ba hanya ɗaya take bi ba. Murar da za ki yi kwana uku ki warke tana iya kwantar da biri, tarin tibi kuma yana kama birai da giwaye daga mutane. Ran da kika tashi da tari, ki faɗa, a ba ki aiki nesa da su. Sabuwar dabba ma keɓe ta ake yi, galibi kwana 30, da nata bokiti da nata tsintsiya. Ruwan maganin da ke bakin ƙofa na tsoma takalmi ne, ba a tsallake shi.

Ɗan Jimina:

Ni dai zan ɗan saɓa. Ba duk mai ba dabba madara a kwalba ne macuci ba, kada a tsorata yarinya. Gidan marayun giwaye na Sheldrick da ke Nairobi, masu kula har kwana suke yi da 'ya'yan giwa, suna ba su madara duk bayan awa uku. Kuma biyan kuɗi ba laifi ba ne, wurare da yawa da shi suke sayen abinci da magani.

Tsohon Mai Shebur:

Gaskiyarka ɗana, ban ce kuɗi laifi ba ne. Amma duba misalin naka da kyau. Waɗannan marayu ne na gaske, an san inda aka tsinto kowanne, kuma gandun dajin Tsavo na Kenya ake mayar da su su shiga garken daji. Masu ba su madarar ma'aikata ne da suka shekara a kai, ba baƙon mako biyu ba. Har juya su ake yi, kada ɗan giwa ya manne wa mutum ɗaya. Daphne Sheldrick, wadda ta kafa gidan, da kanta ta koyi wannan da hawaye: wata 'yar giwa da ta raina, Aisha, ta daina cin abinci ta mutu lokacin da ta yi 'yar tafiya bikin 'yarta.

'Yar Kurciya:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Anti. Na rubuta wa masu 'ya'yan zakin na tambaye su ina uwayen, da inda manyan suke zuwa. Sun amsa min da jerin farashi da ƙarin hotuna. Gobe zan je allura. Baba, takalmin roban, daidai ƙafata zan saya ko mai ɗan girma?

Tsohon Mai Shebur:

Ƙara lamba ɗaya, ki sa safa mai kauri. Kuma kullum da safe ki kife shi ki kakkaɓe kafin ki zura ƙafa, kunama na son kwana a ciki.