Goro ɗaya muka raba, shi ya yi barci, ni na kwana ido biyu

Manomi, Garko: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya a wurin walima bayan la'asar muka raba goro ɗaya da yayana. Ana idar da isha'i ya kwanta har da minshari, ni kuwa har kiran assalatu idona biyu, ƙirjina na ta bugawa. Ataya ma haka take min. Ga girbi ya kankama, me zan koma sha?

Mai goro, Wudil: Wa alaikumus salam ɗana. Na daɗe ina sarin goro a Mariri, kowa da jininsa. Ɓari ɗaya da hantsi ya ishe ka, kada ka wuce azahar.

Ma'aikaciyar lafiya, Ringim: Gaskiyar Baba ce. Sinadarin kafeyin ne, yana cikin goro da ganyen shayi da kofi, kuma hanta ke sarrafa shi. A yawancin mutane sai an yi kamar awa 5 rabinsa ke barin jini. Wani hantarsa na jan ƙafa, kuma gado ne. Mai tsohon ciki yakan ninka daɗewa a jikinta, mai shan taba kuwa nasa da wuri yake fita.

Uwargida, Dambatta: Malam, maigidana haka yake. Citta da kanumfari da na'a-na'a nake tafasa masa, ba na sa ganyen shayi ko kaɗan. Da sanyin nan zoɓo mai ɗumi ma yana da daɗi.

Ma'aikaciyar lafiya: Madalla Hajiya. Sai dai zoɓo yana sauke jini, mai shan maganin hawan jini ya bi a hankali.

Direba, Gumel: Ko ka gwada gadagi, yana kashe gajiya.

Tela, Haɗeja: Don Allah yaya kada ka ba shi wannan shawara. Ba ka san abin da aka zuba a tukunyar ba. Ƙanena ya sha wani haɗi da zaƙami a ciki, su uku kofi ɗaya. Abokan nan jiri kawai suka yi. Shi bakinsa ya bushe ƙayau, ƙwayar idonsa ta buɗe, fitsari ya ƙi fita, yana ta tsintar abin da babu a kan tabarma. Kwana biyu muna asibiti bai gane mahaifiyarmu ba.

Ma'aikaciyar lafiya: Allah ya ƙara masa lafiya. Zaƙami ba shi da awo, ƙarfin dafinsa ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro. Wanda ya sha a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. Kai kuma Malam, in bugun ƙirjin ya ci gaba bayan ka bar goro, ka je a auna ka.

Manomi: Na gode ƙwarai. Hajiya, kanumfari guda nawa kike sawa a buta ɗaya?