Taƙaitawa: shawarwarin malamai kan karatu ta intanet

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya a watan Maris na 2020, malamai da yawa suka koma koyarwa ta Zoom da WhatsApp, wasu jihohi kuma ta rediyo. A wani zama da malaman da suka ɗanɗana wannan suka yi, maganar da aka fi nanatawa ita ce malami ya daina ɗaukar kansa rumbun ilimi. Abin da zai rubuta a allo, ɗalibi na iya samunsa a YouTube cikin minti biyar. Aikinsa yanzu tacewa ne, da nuna hanya, da gyaran kuskure.

An ba da shawarar a gajarta darasi. Saƙon murya na minti goma ya fi lacca ta awa guda, domin data na da tsada, kuma sau da yawa wayar ta uwa ce, sai dare take zuwa hannun yaro. Wata malama ta ce takan kira ɗalibai da sunansu su amsa tambaya, don a Zoom mutum na iya kashe kyamara ya tafi sayen ƙosai, sunansa kuwa yana nan daram. An yi dariya, amma ba wanda ya musa.

Shi kuwa ɗalibi, nauyi ya ƙaru a kansa. Babu ƙararrawa, babu mai tsawatarwa. Shi zai tsara lokacinsa, kamar yadda ɗaliban NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, suka saba. In bai gane ba ya buɗe baki ya tambaya, tunda malam ba ya ganin fuskarsa.

Batun jarrabawa ne aka kasa daidaitawa. Wasu sun ce a dawo da ita aji kawai, wasu suka ce tambayar baki ta waya ta isa.